Kura da Shan Bugu, Gardi da Karɓar Kuɗi: Wa Zai Biya Jinin Magina?

Duk wanda ya ratsa birnin Yamai daga gadar Kennedy zuwa hanyar filin jirgin sama, ko ya zaga sabbin unguwannin Maraɗi, Damagaram da Tawa, ba sai an gaya masa cewa Nijar gini take yi ba. Inda ake shuka hatsi shekaru ashirin da suka wuce, yau benaye ne ke tashi, hawa biyu, hawa uku, hawa biyar, na ƴan kasuwa da na manyan ma'aikata da na gwamnati. Ido na kallon tsawon ginin, baki na tambayar sunan mai shi, amma ba safai ake tsayawa a dubi mutanen da ke maƙale a jikinsa ba: saurayi da silifa a ƙafa, kwanon kankare a ka, yana taka katako biyu da aka haɗa da ƙusa a hawa na uku, babu hular kwano, babu igiya a ƙugu, babu shinge a bayansa, ga wayar kuran tana lilo kusa da kafaɗarsa.

Ranar da ƙafarsa ta zame, kowa ya san yadda zancen ke ƙarewa. In da sauran numfashi, a jefa shi cikin motar da ta kawo yashi a kai shi asibiti, ɗan kwangila ya biya takardar magani ta farko, daga nan wayarsa ta daina shiga. In rai ya yi halinsa, a sayi likkafani, a aika wa iyaye can ƙauye da buhun gero da ƴan jikkuna, a ce kwana ne ya ƙare. Babu takardar da za a cike, babu sufeton da zai zo, babu alƙalin da zai yi tambaya. Kafin sadakar uku wani saurayin ya hau katakon nan, bai ma san an taɓa faɗowa daga kansa ba.

Lokaci ya yi da za a kira abin da sunansa. Mutuwar magini a bakin aiki lissafi ce da aka zauna aka yi. An rage kuɗin katako, an rage buhunan siminti, an rage kwanakin aiki, an ƙi rubuta sunan lebura a littafin Kes, kuma duk wanda ya rage ya san aljihun da rarar ta shiga. Gini mai araha babu shi a duniya. Akwai dai ginin da wani ya cike giɓin kuɗinsa da ƙashin bayansa.

Gawar da ba ta shiga lissafi

Tun a 2005 Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, OIT, ta ƙiyasta cewa aƙalla mutum 60,000 ke mutuwa kowace shekara a wuraren gini a faɗin duniya, wato rai ɗaya cikin kowane minti goma, kuma ɗaya daga cikin kowane haɗari shida da ke kashe ma'aikaci a wurin gini yake faruwa. A ƙasashen da suka ci gaba, inda ake ƙidaya kowace gawa, magina ba su wuce kashi 6 zuwa 10 cikin 100 na ma'aikata ba, amma su ke ɗaukar kashi 25 zuwa 40 cikin 100 na mace-macen bakin aiki. In haka abin yake inda akwai hula da shinge da sufeto mai mota, mai hankali ya auna da kansa yadda zai kasance inda babu ko ɗaya.

A Nijar, asusun kula da ma'aikata, CNSS, wanda jama'a suka fi sani da Kes, yana ƙidaya haɗarin da aka kai masa rahoto ne kawai, kuma mai ba da aiki ba ya kai rahoton mutumin da tun farko ya ɓoye sunansa. Kusan tara cikin goma na masu neman abinci a ƙasar nan ba su da takardar ɗaukar aiki, kuma a fagen gini abin ya fi muni, domin galibin leburori ƴan ci-rani ne da ke barin gona bayan kaka su koma da faɗuwar ruwa, ana sallamarsu da yamma ko ƙarshen mako, hannu da hannu. Wanda ba a rubuta shigarsa aiki ba, ba za a rubuta fitarsa a makara ba. Shi ya sa alƙaluman hukuma ke fitowa tsaf kamar rigar sallah, shi ya sa kuma manyan ofis ke iya barci: matsalar da ba ta da lamba ba ta shiga taron ministoci.

Dokar ta girmi maginan

Kada wani ya fake da cewa doka ce babu. An soke aikin tilas a ƙasashen da Faransa ta mallaka da dokar 11 ga Afrilu 1946. Bayan yajin aikin gama-gari na Nuwamba 1952 a Afirka ta Yamma, aka samu kundin ƙwadago na 15 ga Disamba 1952, wanda ya tanadi sufetocin ƙwadago. Nijar mai ƴancin kai ta yi nata kundin a 1962, ta kafa Kes a 1965, ta sake kundin a 1996, ta kuma sake shi da doka mai lamba 2012-45 ta 25 ga Satumba 2012, aka biyo da dokar zartar da shi a 2017. Kundin ya ɗora wa mai ba da aiki nauyin ɗaukar duk matakin da zai kare rai da lafiyar ma'aikaci, ya wajabta kafa kwamitin tsaro da lafiya a wuraren aiki, kuma ƙa'ida ta ce a kai rahoton haɗarin aiki cikin awa 48.

A waje ma sa hannu bai taɓa gagarar ƙasar nan ba. Ta amince da yarjejeniyar OIT mai lamba 81 kan binciken ƙwadago tun 1979, ta amince da mai lamba 155 da 161 da 187 kan tsaro da lafiyar ma'aikata a 2009. Yarjejeniya ta 81 ta ba sufeto ikon shiga wurin aiki dare ko rana ba tare da sanarwa ba, ta ba shi hanyar sa a ɗauki matakin gaggawa in rai na cikin haɗari, ta ɗora wa gwamnati samar masa abin hawa, ta kuma wajabta a buga rahoto kowace shekara mai ɗauke da adadin haɗurran aiki. A watan Yunin 2022 taron OIT ya sanya wurin aiki mai tsaro cikin haƙƙoƙin asali na ɗan ƙwadago, sahu ɗaya da haramcin bauta da aikin yara.

Ga doka, ga sa hannu, ga tambari. Sai dai takarda ba ta hawa bene. Ƙasa mai faɗin murabba'in kilomita 1,267,000 ta zaunar da sufetocinta a manyan birane, kuma ma'aikatan gwamnati ba su manta yadda aka kai ga haka ba: tsarin tsuke bakin aljihu na shekarun 1980 da 1990 ya tsayar da ɗaukar ma'aikata, albashi ya yi ta taruwa ba a biya ba, faɗuwar darajar sefa ta Janairun 1994 ta ninka kuɗin mota da kayan gyaranta. Sufeton da ba shi da abin hawa, aikinsa ya koma zaman jiran masu ƙarar kuɗin sallama. Wanda kuwa ya yarda ɗan kwangila ya ɗauke shi a motarsa zuwa wurin bincike, ya san karin maganar: kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.

Yadda kuɗi ke narkewa kafin su kai ƙasa

Domin a gane dalilin da ya sa katakon hawa ke zama guda biyu maimakon huɗu, sai a bi kuɗin tun daga sama. Gwamnati ko wani attajiri ya fitar da aiki. Ƴan kwangila suka yi takara, aka ba wanda ya faɗi farashi mafi ƙasa, ko wanda ya fi kusa da masu rabo. In aikin gwamnati ne, ba asiri ba ne a teburin mai shayi cewa akwai hannayen da ke jiran kamasho: na mai ba da kwangila, na mai duba aiki, na mai sa hannu a fitar da kuɗi. Wanda ya ci kwangilar sau da yawa ba shi da ko shebur. Ya cire ribarsa ya miƙa wa ƙaramin ɗan kwangila. Shi ma ya cire tasa ya miƙa wa ɗan jinga. Ɗan jinga ya fita da asuba bakin titi ya kwaso leburori.

A kowane mataki kuɗi na raguwa, aikin kuwa girmansa na nan. Abin da za a rage kuwa sananne ne. Ba a rage fenti, domin minista zai gani ranar yanke ƙyalle. Ba a rage tayil, domin mai gida zai taka. Ana rage abin da ido ba ya gani da abin da za a kwashe bayan an gama: siminti cikin kankare, kaurin ƙarfe cikin ginshiƙi, sandunan tokare rufi, katakon hawa, shinge, hula, takalmi, safar hannu, da kuɗin Kes. Ƙa'idar da kowane injiniya ya koya ita ce kilo 350 na siminti, wato buhu 7, a kowace mita kubik ta kankaren da ke ɗaukar nauyi. Ɗan jingar da aka matse yakan zuba biyar ya cike da yashi da ruwa. Inda zane ya ce ƙarfe mai lamba 12, a sa mai lamba 10, a rufe da kankare, sai ranar tonon asiri.

Ga kuma dabarar da ta fi kowace: jingar kanta garkuwa ce. Babban kamfani zai rantse cewa bai san mamacin ba, kuma a takarda gaskiya ya faɗa, domin ba shi ya ɗauke shi ba. Ƙaramin ɗan kwangila ya nuna ɗan jinga. Ɗan jinga kuwa talaka ne, abin da ya mallaka bai wuce babur da wayar hannu ba. An shirya tsanin ne yadda riba za ta hau sama, alhaki ya gangaro ƙasa, har ya tsaya a kan wanda ba shi da abin biya.

Ba a fafe gora ranar tafiya

Bayan rowa sai gaggawa. Shekaru da dama an yi ta zagaya bikin 18 ga Disamba daga jiha zuwa jiha: Doso a 2014, Maraɗi a 2015, Agadas a 2016, Tawa a 2017, Damagaram a 2018, Tilaberi a 2019. Yamai ta sha nata gyaran domin taron ƙoli na Tarayyar Afirka na Yulin 2019. Biranen sun samu tituna da gine-gine, babu mai musun haka. Amma duk aikin da aka ɗaura wa ranar biki ko ranar zaɓe yana koya wa ƴan kwangila ɗabi'a guda: a ɓata watanni ana jiran kuɗin somin aiki, sa'an nan a dunƙule aikin shekara cikin wata uku, dare da rana, da mutanen da barci bai ishe su ba.

Kankare kuwa bai san ranar biki ba. Kwana 28 yake buƙata kafin ya kai ƙarfin da aka lissafa masa, kuma magina na ƙwarai sukan bar sandunan tokare ƙarƙashin rufi kimanin mako uku. Mita kubik ɗaya ta kankare ta kusa tan biyu da rabi. Wanda ya ce a zare sanduna bayan mako ɗaya domin a kai su wani wurin aiki, ya rataye tan-tan na nauyi bisa kawunan mutane ya tafi cin abinci. Haka ramin harsashi da na masai da na magudanar ruwa: mita kubik ta ƙasa ta kai tan ɗaya da rabi, kuma wanda ta rufta masa zuwa ƙirji ba ya iya jan numfashi. Tun 8 ga Janairu 1965 dokar Faransa ta wajabta tokare ramin da ya zarce mita 1.30 in gefensa a miƙe yake, ta kuma wajabta kariya ga mai aiki sama da mita 3. Injiniyoyin ƙasar nan da littattafan suka yi karatu. Jihar Maraɗi ta ga abin da rami maras tokari ke yi ranar 7 ga Nuwamba 2021, lokacin da ramukan haƙar zinariya suka rufta a yankin Ɗan Isa, aƙalla mutum 18 suka halaka. Ƙasar da ta binne masu neman zinariya ba ta bambanta da wadda ake haƙa a bakin titin birni ba.

Akwai kuma mutuwar da ba ta da ƙara. Ɗanyen siminti na cin fata, ƙurar dutse da yashi na taruwa a huhu shekara da shekaru, ɗaukar buhu mai kilo 50 daga safe zuwa yamma na karya ƙugu tun mutum bai kai arba'in ba. A watan Afrilu da Mayu zafi na haura digiri 40 a inuwa, balle a kan rufin kankare da tsakar rana. Ƙasar Katar, da duniya ta yi wa ca a kan mutuwar baƙin magina, ta hana aiki a fili daga ƙarfe 10 na safe zuwa 3 da rabi na rana, daga 1 ga Yuni zuwa 15 ga Satumba, tun 2021. Magini a Tawa ba a ƙera shi da wani jiki dabam ba.

Abin da Legas da George suka koyar

Mai ginin da ke ganin wannan matsalar leburori ce kaɗai, ya dubi makwabta. Ranar 1 ga Nuwamba 2021 wani bene mai hawa 21 da ake kan ginawa a unguwar Ikoyi ta Legas ya rushe, mutum fiye da 40 suka mutu. Kamfanin injiniyoyin da ya fara kula da aikin ya riga ya janye hannunsa a rubuce tun 2020, hukuma ta taɓa rufe wurin, aiki kuma ya ci gaba. Cikin gawawwakin da aka zaƙulo har da ta mai ginin kansa. Ranar 6 ga Mayu 2024, a garin George na Afirka ta Kudu, wani bene da ake ginawa ya zube a kan ma'aikatansa, mutum 34 suka mutu, da yawansu baƙi ne daga Malawi da Mozambik da Zimbabuwe da suka zo neman abinci. Binciken da gwamnatin ƙasar ta bayyana a 2025 ya nuna an ga alamun matsala kafin ranar, kuma da an so da an hana abin aukuwa.

A wuraren biyu gini ya yi gargaɗi, mutane ne suka toshe kunne. Hannun da ya hana lebura hula shi ne ya hana ginshiƙi siminti, kuma ginshiƙi ba ya tambayar wanda ke ƙarƙashinsa ko lebura ne ko Alhaji. Yamai da Maraɗi yanzu suka fara hawa sama. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Hujjojin masu kare sakaci

Hujja ta farko ita ce ƙaddara. Babu musulmin da ke musun cewa ajali na hannun Allah. Amma addinin da ya koyar da haka shi ne ya wajabta diyya a kan kisan kuskure a cikin Suratun Nisa'i, kuma malaman fiƙihu sun daɗe da ɗora lamuni a kan wanda ya haƙa rami a hanyar jama'a, ko ya bar bangon da aka gargaɗe shi a kansa har ya faɗa wa mutum. Abin lura, Alhajin da ke cewa tsautsayi ba ya wuce ranarsa in lebura ya faɗo, shi ne ke sa kwaɗo uku a ƙofar shago da mai gadi biyu a bakin sito. Tawakkalinsa bai taɓa kaiwa kan dukiyarsa ba. A kan ran ɗan wani yake tsayawa.

Hujja ta biyu ita ce talauci: wai tsaro kayan ado ne na ƙasashen masu kuɗi. A yi lissafi. Hular kwano ba ta kai kuɗin buhu biyu na siminti ba, kuma tana shekaru. Shinge katako ne da ƙusa. Kason da mai ba da aiki ke zuba wa Kes domin haɗarin aiki bai kai kashi 2 cikin 100 na albashi ba. A kan mafi ƙarancin albashi, da ya tashi daga sefa 30,047 zuwa 42,000, bai cika jikka ɗaya a wata ba. Ko an haɗa da na fansho da na iyali, nauyin bai kai kashi ɗaya cikin biyar na albashin ba. Mutumin da ke da miliyoyin ɗora hawa huɗu ba zai ce wannan ya fi ƙarfinsa ba. Ƙasar matalauta ce ma ta fi buƙatar rigakafi, domin magini guda da ya gurgunce yana jan mata da ƴaƴa da tsofaffi zuwa bara. Shaida kuma na nan a fili: inda mai ba da bashi ya sa sharaɗi, kamar yadda Bankin Duniya ya yi a ƙa'idojinsa da suka fara aiki a Oktoban 2018, sai ga huluna da takalma sun fito, a ƙasa ɗaya, a rana ɗaya, a hannun ƴan kwangila iri ɗaya. Ashe ana iyawa. Abin kunyar shi ne sai baƙo ya tsaya a kai.

Hujja ta uku: wai leburorin ne ba sa so, in an ba su hula su ajiye, in an ba su takalmi su sayar. Akwai ƙamshin gaskiya a nan. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Amma mutumin da ake biya bisa yawan bulon da ya ɗora, dole ya ga igiyar ƙugu a matsayin abin da ke rage masa abincin dare. Wanda kuma aka kwaso daga gona jiya, ba wanda ya zaunar da shi ko na rabin awa ya nuna masa inda mutuwa take. Mai gidan da ke iya korar lebura saboda ya makara minti goma, ba zai ce ya kasa sa shi ɗora hula ba.

Hujja ta huɗu ita ce ta fi nauyi, kuma ƴan kasuwa na da haƙƙin a saurare su a kanta: duk sabuwar doka a ƙasar nan sabon shingen karɓar na goro ce. Wanda ya sha wahalar hanya daga Ƙonni zuwa Yamai da kaya a mota ya san abin da ake nufi. Amma ba a rushe asibiti don an kama ma'aikaci na sayar da magani. Maganin sufeto mai cin hanci shi ne ƙa'ida gajera wadda kowa ya sani, tara mai adadi sananne da ake biya a baitulmali a karɓi rasit, da rahoton bincike da ake liƙawa a fili. Cin hanci a duhu yake ƙiba.

Abin da ake bin hukuma da masu gini

Na farko, alhaki ya koma inda kuɗi suke. Turai ta gane haka tun 1992, lokacin da ta ɗora wa mai ginin kansa nauyin tsara tsaro. Faransa ta bi a 1993, Ingila a 1994. Mai gini da babban ɗan kwangila su zama masu lamuni tare a kan duk wanda ya ji rauni a cikin shingensu, ko wa ya ɗauke shi aiki. Ranar da jinga ta daina zama garkuwa, ranar Alhaji zai fara tambayar ɗan jinga ina shinge.

Na biyu, a kowace kwangilar gwamnati a ware kuɗin tsaro a layinsa dabam, a fitar da shi daga takarar rage farashi, kada a biya shi sai mai duba aiki ya gani da ido. Takardar shaidar Kes da ake nema wajen takara ta zo da sunayen mutanen da ke wurin aikin, a kuma je a ƙidaya su. Kamfanin da ya ɓoye gawa a hana shi kwangila shekaru, a buga sunansa.

Na uku, hukumomin birane kada su ba da izinin gina bene sai da sa hannun injiniyan da zai amsa tambaya in abu ya faru, a kafa allo a ƙofar wurin mai ɗauke da sunan mai gini, ɗan kwangila, injiniya da adadin hawan da aka amince. Na huɗu, a sauƙaƙa wa ɗan jinga hanyar biyan kuɗin haɗari na leburan yini, ko da dunƙule ne bisa girman aikin, a karɓa tare da kuɗin izinin gini. Na biyar, a ba sufetoci babura da mai, a tsayar da aikin fili a tsakiyar ranar bazara, asibitoci kuma su riƙa rubuta duk wanda aka kawo daga wurin gini, ma'aikatar ƙwadago ta buga adadin kowace shekara kamar yadda ƙasar ta yi alkawari tun 1979.

Ƙungiyoyin ƙwadago ma suna da bashi a wuyansu. Sun nuna ƙarfinsu a gwagwarmayar da ta kai ga Taron Ƙasa na 1991, sun sha rufe ofisoshi a kan albashi da alawus. Ranar 1 ga Mayu, ma'aikacin da ya fi kowa kusa da kabari ba ya cikin jerin gwano, yana can saman bene, domin yinin da bai yi aiki ba yinin yunwa ne. Kundin koke-koken da bai ambaci sunansa ba bai cika ba.

Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke buƙatar taron bita a otal ko tallafin ƙasashen waje. Suna buƙatar ma'aikacin da zai ƙi sa hannu a takardar aikin da bai gani ba, da ɗan kasuwar da zai yarda ribarsa ta ragu da kuɗin katako goma. Ɗan kasuwar da ke shirin ɗora bene bana, da ma'aikacin da fayil ɗin kwangila ke kan teburinsa yau, su ne za su yanke ko saurayin da ke hawa na uku zai koma gona da ƙafafunsa in damina ta faɗi. Gardi ya daɗe yana karɓar kuɗi. Lokaci ya yi da za a tambaye shi lissafin bugun da kura ta sha.